Homa, Gora da Kwamfuta: Sharhi a Kan Bugun Zane a Ƙasar Kabi

Abin da ya jawo wannan ɗan sharhi wani lamari ne da ya faru a gabanmu, wanda da farko muka ɗauke shi abin dariya, daga baya muka gane ba na dariya ba ne. Wani ɗan'uwanmu marubuci ya kammala ƙagaggen labarinsa na farko, labarin wani saurayi ɗan Sarkawa da ya taso a Argungu. Muka raka shi wani shagon kwamfuta da ke kusa da sakatariyar gwamnati a Gwadangaji domin a tsara masa bangon littafin. Yaron shagon mai ladabi ne, ga zafin nama. Bai cika minti ashirin ba ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Sai ga wani tafki shuɗi mai sheƙi, da tsaunuka a bayansa, ga wani mutum shi kaɗai cikin kwalekwale riƙe da sandar fatsa irin ta Turawa.

Muka ce masa, "Samari, ina homa? Ina gora?"

Ya ce, "Malam, ai irin wanga mutane ka so. Hotunan gida ba su fita da kyau in an buga."

Marubucin ya yi shiru, don kuwa bangon ya yi kyau, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya san wannan ruwa ba ruwanmu ba ne, wannan masunci kuma ba namu ba ne. Tun daga ranar muke ta juya maganar, har muka ga ya dace mu kawo ta gaban 'yan ƙungiya, musamman masu shirin fitar da littafinsu na farko. Tambayarmu ita ce: me kwamfuta ta ƙara wa fasahar bugun zane, me ta rage mata, kuma da wane ma'auni za mu auna abin da ake buga mana?

Mene Ne Bugun Zane?

Kafin a yi nisa, ya kamata mu bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai hoton zane, akwai kuma bugun zane. Idan mai zane ya yi zanensa da fenti ya gama, wani ya ɗauki hotonsa ya buga dubu, wannan hoton zane ne, wato kwafi. Asalin yana nan daban a jikin bangon ɗakin mai shi. Bugun zane kuwa shi ne wanda tun daga farko mai fasahar ya nufi ɗab'i da shi. Zai sassaƙa surar a jikin katako, ko ya karce ta a farantin ƙarfe ya sa ruwan asid ya ci gurbin, ko ya zana ta da abu mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, sannan ya shafa tawada ya danna takarda. Misali mafi kusa da mu shi ne hatimi: ba hatimin ake kallo ba, sawun da ya bari a takarda shi ne abin nufi. Saboda haka kowace takarda da ta fito daga ƙarƙashin wannan katako ko faranti asali ce, ba kwafin wani abu ba ce.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da ta cancanci marubuci ya sani. Mai zanen kan yanke adadin da zai buga, a ce 30. A ƙasan kowace takarda sai ya rubuta lambarta da fensir, kamar 7/30, ya sa hannu. Idan adadin ya cika, da yawansu kan karce farantin don kada a sake bugawa. Wannan lamba alkawari ce tsakanin mai zane da mai saye. Akwai kuma dalili na zahiri: katako da tagulla suna gajiya, layukan da ke jikinsu suna dusashewa da yawan dannawa.

Ba Yau Aka Fara Jin Tsoron Inji Ba

Masu kukan cewa kwamfuta ta kashe fasaha su tuna cewa bugun zane kansa ɗan inji ne tun haihuwarsa. Bugun dutse, alal misali, wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya ƙirƙiro shi a 1796, kuma ba don zane ya neme shi ba. Marubucin wasan kwaikwayo ne da ke neman hanya mai arha ta buga rubuce-rubucensa, wato damuwarsa irin tamu ce. Daga baya masu zane suka karɓi dabarar suka mai da ita tasu.

A nan gida ma muna da shaida. Shekaru da dama kasuwannin Arewa suna cike da Alƙur'anai da littattafan addini waɗanda gwanayen alƙalami suka rubuta da hannu, sannan maɗaba'a ta ɗauki hoton shafukan ta buga dubbai. Rubutun Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga makarantun allo masu ɗimbin yawa ta wannan hanya. Injin bai kashe hannunsa ba, yaɗa shi ya yi. Dalili kuwa shi ne akwai hannun tun farko, inji ya zo ya tarar da abin ɗauka.

Babban misalinmu a fagen zane shi ne Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor ta jihar Delta ta yanzu, amma a Zariya ya yi karatun zane, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Yana cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Aƙidarsu ita ce a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma a zuba musu abin gida. A 1967 ruwan asid ya ɓata wa Onobrakpeya wani faranti. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da wani gam mai daskarewa, ya ga ashe abin da ya fito ya fi abin da ya nufa zurfi da tudu. Daga wannan kuskure ya samo sabuwar dabarar bugu da ya kira filastogiraf. Tun daga 1998 kuma yake shirya taron horar da masu zane a garinsu, wanda ya raɗa wa sunan hunturu.

Abin da ya sa muka kawo shi a mujallar marubuta shi ne, wannan gwani bai ɗauki yi wa littafi zane a matsayin ƙasƙanci ba. Shi ya yi zane-zanen An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, labarin da manazarta suka daɗe suna kwatanta shi da Jiki Magayi. Abokinsa Uche Okeke kuma ya yi wa Things Fall Apart na Chinua Achebe zane. Wato akwai lokacin da marubucin Nijeriya da mai zane suke cin tuwo a akushi ɗaya. Ko a zamanin littattafan soyayya na Kano, a shekarun 1980 da 1990, da yawan bangwayen da hannu aka zana su. Wasu zanen ba su da ƙwari, hannun budurwa kan fi ƙafarta tsawo, amma mai zanen ya san ɗaurin ɗankwali, ya san zaure, ya san yadda saurayi kan tsaya a ƙofar gida.

Alherin da Kwamfuta Ta Zo da Shi

Ba mu zo yi wa kwamfuta sharri ba, domin gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. CorelDraw ta fito a 1989, Photoshop a 1990. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wani ma'aikacin maɗaba'ar masu zane a Kalifoniya ta Amurka, Jack Duganne, ya raɗa wa bugun firinta mai fesa tawada na musamman suna jikile, daga wata kalmar Faransanci mai nufin fesawa, don a bambanta shi da bugun ofis. Tun kafin nan, a 1986, shahararren mai zanen Ingila David Hockney ya yi jerin ayyuka da injin fotokwafi, yana mai da takarda ɗaya cikin injin sau da dama, kowane zagaye da launinsa. Daga baya ya koma yin zane a iPad. Ba wanda ya ce ya daina zama mai zane.

Ga yaron da ke Gwadangaji ko Ambursa ko Gulma, alherin ya fi haka girma. Injin danna faranti yana da tsada da nauyi, tagulla da asid da takarda mai kauri ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. Yau kuwa da wayar hannu mai ɗan kyau zai iya yin zane, ya gwada launi goma bai ɓarnatar da takarda ko ɗaya ba, ya tura wa maɗaba'a a Kano ko Kaduna bai hau mota ba. Kwamfuta na rarraba launuka ga mai bugun riguna da ƙyallen siliki cikin ɗan lokaci, aikin da a da kan ci kwanaki. Sikana kuma na iya adana tsohon zane ko zayyanar allo kafin gara ta gama da su. Wanda ya raina wannan bai san wahalar da na baya suka sha ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

Illa ta farko ita ce zanen abin da ba a gani ba. A 1515 aka kai wata karkanda birnin Lizbon daga Indiya. Albrecht Durer, gwanin sassaƙa zane a katako, yana zaune a Jamus, bai ga dabbar ba. Wasiƙa da ɗan zanen wani kawai suka iso gare shi. Ya zana ta sanye da wani abu kamar sulke, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doron wuya. Da yake gwani ne, kuma bugu ne mai yaɗuwa, Turawa suka shafe fiye da shekara 200 suna ɗaukar wannan a matsayin surar karkanda. Darasin shi ne, bugu ba ya gyara kuskure, ninka shi yake yi. Yaron shagon Gwadangaji ya fi Durer laifi ta fuska ɗaya: shi karkandarsa tana nan kusa, tafiyar da ba ta wuce ta safe a dawo da rana ba.

Kuma abin da ya tsallake ba ƙarami ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta zama alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Dubi abin da ido zai samu a wurin: dubban mutane sun ruga ruwa lokaci guda, homa a hannu kamar fukafukai, goruna na yawo a kan ruwan da ƙafafu suka dama ya koma launin kunu, makaɗa a cikin kwalekwale, ga ƙaton giwan ruwa ana ciccibo shi. Wannan tsari na layuka da da'irori, na baƙi da fari, kamar don mai sassaƙa katako aka yi shi. Ga kuma gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, cike da makamai da tambura. Mai zanen da ya bar waɗannan ya tafi aron tafkin wasu, shi ne wanda ake cewa ya bar jaki yana dukan taiki. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda za ka rubuta mata jimla ɗaya ta haɗa maka hoto, haɗarin ya ƙaru, domin ita daga abin da aka tara mata take ɗiba, kuma namu bai yi yawa a rumbun nata ba.

Illa ta biyu ita ce rashin sanin kayan aiki. Maganar yaron cewa hotunan gida ba su fita da kyau tana da ƙamshin gaskiya, amma bai san dalilin ba. Hoton da aka kwaso daga Facebook ko WhatsApp an riga an matse shi, ɗigoginsa sun yi kaɗan, alhali bugu mai kyau kan nemi kimanin ɗigo 300 a kowane inci. In an ja shi ya cika bango sai ya dagule. Bugu da ƙari, fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, takarda kuwa da tawada huɗu ake buga ta. Shi ya sa shuɗin da ya ɗauki ido a shago kan fito a mace daga maɗaba'a. Haka nan tawada iri-iri ce: mai rini tana saurin kodewa, mai garin launi ta fi jure wa zamani. Wanda ya ga yadda ranar bazara ke cinye manyan banonin roba da ake kafawa a titunan Birnin Kebbi ya san abin da muke nufi. Maganin hoton gida mara kyau shi ne a je a ɗauko mai kyau ko a zana, ba a musanya shi da na baƙi ba.

Akwai kuma abin da sauƙi kansa ke ragewa. Mai sassaƙa katako in ya yanke ya yanke ke nan, don haka sai ya yi tunani kafin wuƙa ta sauka. A kwamfuta kuwa duk kuskure ana iya janye shi da danna maɓalli ɗaya. Da a kwamfuta Onobrakpeya ya yi ɓarnar 1967, da ya goge ta nan take, da ba a sami filastogiraf ba. Ba muna cewa a nemi wahala da gangan ba ne. Muna cewa ne mai aiki da kwamfuta sai ya ɗora wa kansa horon da katako ke ɗora wa mai sassaƙa dole: ya rage launi, ya rage ado, ya tsai da shawara.

Illa ta uku, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce ta amana. Fayil ɗin kwamfuta ba ya gajiya kamar tagulla. Bugu na dubu daidai yake da na farko. Saboda haka in mai zane ya rubuta 7/30 a ƙasan bugun firinta, ba abin da ke tsare wannan alkawari sai tsoron Allah da mutuncinsa. Haka kuma wanda ya ɗauki hoton zanen fenti ya buga, ya sayar da sunan bugun asali, ya yi algus. Wanda kuma ya kwaso hoton da wani mai ɗaukar hoto ya shiga ruwa har ƙugu ya ɗauko, ya manna a bangon littafi ba izini ba ambato, ya yi abin da mu marubuta muke kuka da shi kullum idan an yi mana, wato satar fasaha. Abin kunya ne littafin da aka rubuta "haƙƙin mallaka" a shafinsa na biyu ya zamana bangonsa na sata ne.

Ma'aunin Yana Gidanmu

Ba sai mun je Turai neman ƙa'ida ba. Wannan ƙasa ta Gwandu ƙasar littattafai ce. Ayyukan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, irin su Tazyinul Waraƙati da Liya'ut Ta'awili, da hannun masu kwafa suka yaɗu kafin zuwan maɗaba'a. Al'adar da yawa daga masu kwafar nan ita ce, idan sun kai ƙarshe su ambaci mawallafi, su ambaci kansu a matsayin masu kwafa, wani lokaci har da wanda aka kwafa dominsa, su roƙi gafara a kan kuskure. Ba su ɗauki kwafi abin kunya ba, ba su kuma kira shi talifi ba. Kowa da matsayinsa, kowa da sunansa.

Da wannan ma'auni, tambayoyi uku sun ishe mu a gaban kowane bugun zane, ko da wuƙa aka yi shi ko da kwamfuta. Shin mai shi ya ga abin da ya zana, ko ji ya yi? Shin ya san kayan aikinsa har ya zaɓi abin da ya fito, ko injin ne ya zaɓar masa? Shin ya faɗi gaskiyar yadda aka yi shi, da yawan da aka buga, da sunan duk mai haƙƙi a ciki? Aikin da ya amsa ukun nan fasaha ne, ko daga firinta ya fito. Wanda ya kasa kuwa, ko da zinariya aka buga shi, kwalliya ce kawai.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman sababbi, ita ce kada a bar maganar bango sai ranar da za a kai aiki maɗaba'a. A nemi mai zane tun da wuri, a ba shi littafin ya karanta, ko a zauna a ba shi labarin. A biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a ciki. In hoto za a sa, a nemi izinin mai shi. Rassan ƙungiya kuma su riƙa gayyatar malaman zane da ɗalibansu da yaran shagunan kwamfuta zuwa zaman karatu, domin yaran nan ba abokan gaba ba ne, gwanaye ne da ba a nuna wa inda za su kalla ba.

Kuma kada mu ɗauka maganar ta tsaya a kan masu zane. Mu ma muna da namu tafkin aron. Labarai nawa muka karanta da aka ce a Kabi suka faru, amma gidajen da soyayyar da maganganun duk daga finafinan Indiya aka kwaso su? Marubucin da bai san ƙamshin fadamar shinkafa ba, bai san yadda Bakabe ke gaida surukinsa ba, ba shi da bakin yi wa yaron shago dariya.

Shi dai ɗan'uwan namu bai karɓi wancan bango ba. Ya ɗauki yaron a mota ranar wata Asabar suka tafi Argungu, suka wuni a bakin ruwa wurin masunta, yaron na ɗaukar hotuna yana kuma zane a bayan wata tsohuwar kalanda. Bangon da ya fito daga baya launi biyu ne kacal, baƙi da ruwan ƙasa: mutum ɗaya ya rungumi gora, homa a sama. A kwamfutar nan dai aka ƙarasa shi, kuma sunan yaron yana shafi na biyu. Allah Ya sa mu dace.